DIYYA DABAM, RABO DABAM

Laccar da Magatakardan reshenmu na Ringim ya yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa. Mun buga ta duka yadda ya faɗe ta.



Abin da aka ce in yi magana a kai yau shi ne masu jari da ke zuwa neman ƙasa, da ruwa, da itatuwan daji, da yadda mutanen gari za su sami nasu kason a cikin ribar da za a ci. Tun da farko ku sani ni ba na gaba da mai jari. Yawancinku 'yan kasuwa ne, kun san ba a ciniki sai da jari. Wanda ya ga yadda samarinmu ke cika motoci zuwa ci rani Ikko da Fatakwal da an gama girbi, ba zai ƙi a kafa ma'aikata a ƙasar nan ba. Amma akwai kalmomi biyu da a ke cuɗa mana su, wani lokaci da gangan, wani lokaci da ganganci, watau diyya da rabo. Diyya, an karɓe abinka, an ba ka kuɗi sau ɗaya, an sallame ka. Rabo kuwa, kana cikin cinikin, ko wace shekara in an ci riba a kira ka a ba ka naka. Sau uku manyan jari suka taɓa ƙasar nan tamu a cikin shekara ɗari, bari mu duba wanne aka ba mu.

Na farko gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kafin shekara biyu manoman ƙasar Kano sun rufu a kan gyaɗa. Daga baya aka ja reshe ta Ringim, da Taura, da Gagarawa, da Malam Madori, ya kai Nguru a 1930. Ba don a kai kakanninmu ziyara aka shimfiɗa dogon nan ba. Don gyaɗa aka yi shi, da fatu da ƙiraga. Tsofaffin da ke nan sun ga buhuna jibge a tasha, sun ga dalar gyaɗa a Kano. To, a 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 ta koma hannun Gwamnatin Jihar Arewa. Ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, ita ke yanka farashi tun kafin kaka. Aka ce za ta riƙa ajiye rarar shekarar tsada don ta tallafi manomi a shekarar araha. Masana da suka bi lissafin daga baya sun tarar, daga 1947 zuwa 1961, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata ya shiga aljihun mai noman gyaɗa an tsare shi, tsakanin haraji da rarar hukuma. Watau ko wane buhu huɗu, ɗaya ba naka ba ne. Ba na cewa duk an cinye. An yi hanyoyi da makarantu da masana'antu da shi. Amma a ina aka yi su, wa kuma ya tambayi manomin Dabi ko na Sankara abin da ya ke so a yi da buhunsa na huɗu? Da fari ya zo a 1972 zuwa 1974, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, dala ta rushe, ba wani asusu da aka buɗe aka ce ga ajiyarku. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin gaba ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Na biyu ruwa. Kogin nan da ke wucewa ta kudu da gari, daga kogin Kano da kogin Challawa ya ke, su ne ke haɗuwa su biyo ta Wudil, su zo mana, su wuce Haɗeja har Nguru da Gashuwa. A 1974 aka gama madatsar Tiga a kan kogin Kano, a 1992 aka gama ta Challawa. Jari ne babba na Gwamnati, ya kuma yi amfani. Famfon birnin Kano na sha daga ciki, manoman Kadawa da Kura da Bunkure na noman rani da shi, tumatir ɗin da ku ke sarowa ma wani daga can ya ke. Sai dai ruwan da aka tare a sama, na wani ne a ƙasa. Da, ambaliya kan zo a kan lokacinta, ta malale fadama, ta bar taki, ta janye. A shuka shinkafa, a bi bayan ruwa da wake da sauransu, masunta su kama kifi, Filani su sami ciyawa da rani. Bayan madatsun, faɗin ƙasar da ruwa ke malalewa a kwarin Haɗeja da Nguru ya ragu ƙwarai. Ruwan da a ke saki kaɗan kaɗan duk shekara kuma ya rena kacalla, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama gidan jan baki mai cinye hatsi. In damina ta yi ƙarfi kuwa, kogin da ya cushe ba ya iya ɗauka, sai ya shigo gida. Ba sai na ba mutumin Ringim labarin 2022 ba.

Wajen 1990 waɗansu masana suka auna, suka ga ruwan da aka bari ya malale fadama ya fi kawo amfani, ninkin ba ninkin, bisa ga irin wannan ruwan in an kai shi gonakin noman rani na sama, in an haɗa da kifi da itace. Amma an yi awon ne bayan an gama gina Tiga. Sai a 2006 gwamnonin jihohi shida, Kano da Jigawa da Yobe da Barno da Bauci da Filato, suka zauna a Damaturu suka yarda a kafa asusu na kula da kogin. Shekara 32 ke nan bayan Tiga. Mutanen da ruwan madatsa ya ci garuruwansu an tashe su an yi maganar diyya. Mu na ƙasa da aka canja wa kogi, ko a lissafin diyyar ba mu shiga ba, balle rabo.

Na uku, wanda ya fi kusa da mu, rake. Ƙasar nan tana shan sukari da yawa, amma fiye da kashi 90 cikin 100 daga waje a ke kawo ɗanyensa, yawanci daga Barazil, a tace a Ikko. Saboda haka a 2012 Gwamnatin Tarayya ta fito da shiri na tilasta wa masu harkar sukari su noma rake a gida. Wannan ya sa kamfanoni suka bazama neman ƙasa mai faɗi. A nan Jigawa, a zamanin Gwamna Muhammadu Badaru Abubakar, aka ware hekta 12,000 don kamfanin Lee Group, na 'yan Sin ɗin nan da suka daɗe a Kano suna yin silifa da kayan roba. Hekta 12,000 wajen eka 30,000 ke nan. Ƙasar ta shafi ƙananan hukumomi huɗu, Gagarawa da Sule Tankarkar a masarautar Gumel, Taura da Garki a tamu masarautar, ƙauyuka fiye da 30. Gwamnati ta ce za a sami aikin yi, za a kuma sa manoma su noma rake su sayar wa kamfani. A 2016 da 2017 manoma da yawa suka tashi suka ce ba su yarda ba, waɗansu suka ƙi karɓar diyya, magana ta cika jaridu da gidajen rediyo.

Akwai masu cewa jahilci ne ya sa talaka ƙin ci gaba. Ni kuwa na ce lissafi ne. Bari mu yi shi tare, ku da ke auna hatsi. A ce mutum yana da gona eka biyar, ya kan sami buhu 20 na gero a shekara, ban da wake da kara da harawa. A ce an biya shi kuɗin amfanin shekara biyu, kai ko uku, buhu 60. Ya gyara ɗaki, ya aurar da 'ya, ya sayi babur. Shekara ta huɗu fa? Gonar nan da tana hannunsa, cikin shekara 30 buhu 600 za ta ba shi, sa'an nan ya mutu ya bar wa 'ya'yansa ita tana nan yadda ta ke. Wane ɗan kasuwa a nan zai sayar da rumfarsa a kan cinikin shekara uku?

Yanzu sai mu duba doka, gama a nan ne gizo ke saƙa. Tun 1910 Turawa suka shelanta cewa duk ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna. Dokar Arewa ta 1962 ta bi wannan sawu. A watan Maris 1978 mulkin soja na Janar Obasanjo ya kafa Dokar Amfani da Ƙasa ga Nijeriya duka, aka kuma ɗaure ta cikin tsarin mulki yadda taɓa ta ke da wuya. Sashenta na farko ya ce duk ƙasar jiha tana hannun Gwamna, amma bisa amana, don amfanin jama'a duka. Ku riƙe kalmar nan, amana. Sashe na 28 ya ba shi iko ya soke haƙƙin mutum a kan gonarsa saboda bukatar jama'a, bunƙasa noma da masana'antu kuwa suna cikin abin da dokar ta kira bukatar jama'a. Sashe na 29 ya faɗi abin da za a biya: gini, da shuka, da aikin da ka zuba a kan ƙasar. Ita ƙasar kanta ba a biyanka kuɗinta, don a idon doka ba taka ba ce. Shi ya sa ma'aikaci kan zo da littafi ya ƙirga kuka da ɗorawa da mangwaro, ya duba abin da ke shuke, ya rufe littafi. In ya zo da rani gona fayau, sai ka ji adadin da zai sa ka riƙe baki.

Duk da haka dokar ba ta bar ku hannu sake ba, akwai abubuwa a ciki da ba a cika karanta muku ba. Sashe na 36 ya ce wanda dokar ta tarar yana noma gonarsa a karkara, haƙƙinsa ya tabbata ko ba shi da takarda. Soke haƙƙi sai da sanarwa a rubuce ga mai gona, ba a bakin mai shela kaɗai ba. Sashe na 6 ya ce in an karɓe gonar noma da ke kan haƙƙin gargajiya, tilas ƙaramar hukuma ta ba mai ita wata gonar a madadi. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ce a biya diyya ba da jinkiri ba. Waɗannan ku neme su, haƙƙinku ne. Amma ku lura, duk maganar diyya ce. Ba inda dokar ta ce kamfanin da aka danƙa wa ƙasarku zai ba ku ko anini daga ribarsa.

In aka bar magana a diyya kaɗai, an san inda ta kan kai. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, an gina madatsa tsakanin 1974 da 1978, wani kamfanin Italiya ya yi aikin. Aka tashi dubban mutane, aka hana waɗansu shuka shekara da shekaru ana daidaita ƙasa, diyya ta maƙale. Manoma suka tare hanyoyi. A watan Afrilu 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Allah ya jiƙansu, ya kuma kiyashe mu da ganin irin ta.

To, ana iya yin rabo kuwa, ko mafarki na ke yi? Ana iyawa, mu ma mun gaji hanyarsa. Noma-mu-raba ba baƙon abu ba ne gare mu: mai gona ya kawo gona, mai ƙarfi ya kawo ƙarfi, a kasa amfani. Ka ba Bafilatani kiwo, kun san yadda za ku yi da 'ya'ya da nono. Ubangida ya ba yaronsa jari ya tafi fatauci, a dawo a fid da uwar kuɗi a raba riba. Ba mai kiran wannan sadaka. Me ya sa in mai jarin ya zo da mota mai baƙin gilashi sai a ce abin da zai ba gari taimako ne?

Manyan ayyuka ma an yi su a kan wannan ƙa'ida. Alhazan da suka bi ta ƙasa sun san Jazira ta Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa da Filani suka yi ta cirar auduga suna tara guzurin Makka. An buɗe aikin a 1925 bayan gina madatsar Sennar. Gwamnati ta kawo ruwa, kamfanin Ingila ya kawo jari da kula, manomi ya kawo aiki. Kuɗin auduga a kasa: 40 na manoma, 40 na Gwamnati, 20 na kamfani. Masu ƙasa ba a raba su da mallakarsu ba, haya aka karɓa ta shekara 40, su ne kuma aka fara ba filin noma a ciki. Mulkin mallaka ne, ba adalci ne ya cika shi ba. Amma ko a can an san mai ƙasa abokin tarayya ne. Kuskuren da masu ƙasar Jazira suka sha wuyarsa, an yanka haya girshi 10 a kan ko wace eka, aka bar ta a haka kuɗi na ta lalacewa, har ta zama ba a bakin komai ba. Mu ma a 1978 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya. A 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Saboda haka in za a yanka muku haya, kada ku yarda a rubuta ta da naira tsaye. A rubuta da buhu: buhu kaza na gero a kan ko wace eka, a farashin kasuwar Gujungu na watan da za a biya.

An gwada kwaikwayon Jazira a Mokwa a 1949, amma aka ce kamfani ya ɗauki kashi biyu cikin uku, manomi ɗaya, ga gona mai faɗin da iyali ɗaya ba su iya nomewa da fartanya. Mutane suka yi ta zamewa, a 1954 aka rufe. Mai jari ma ya ji wannan: mugun rabo shi ma ya kan cinye jarinsa.

Sa'an nan ku tambaya, in kamfani ya faɗi fa? Wannan tambaya ba mugun fata ba ce. A Saliyo, kusa da garin Makeni, wani kamfanin Suwizalan mai suna Addax ya karɓi hayar ƙasa mai yawa don noman rake, ya fara tun 2008. Yana biyan dala 5 a kan eka a shekara, fiye da rabi ga masu ƙasa, saura ga hukumomi. Aka yi ta yabonsa a Turai. A 2015 aiki ya durƙushe, aka sallami ma'aikata da yawa, a 2016 aka sayar wa wani. Mutanen da suka bar noma suka koma aikin albashi, sai ga su ba albashi, gona kuma tana cikin takardar haya mai dogon wa'adi. Saliyo ta ɗauki darasi. A 2022 ta kafa doka cewa ba mai karɓar ƙasar gargajiya don jari sai da yardar iyalan da ke da ita, bayan an bayyana musu komai, tun kafin a fara. Saboda haka a takardarku a rubuta: in kamfani ya bar ƙasa ba aiki shekara kaza, ta koma ga masu ita. In zai sayar wa wani, sharuɗɗan nan su bi ƙasar. A kuma auna iyakar ko wace gona a zana tun kafin katafila ta shiga, gama in ta share gamba da kuka da ke nuna iyaka, ko an mayar muku sai rigima tsakanin ɗan'uwa da ɗan'uwa.

Kada wani ya ce muku wannan sabon abu ne a Nijeriya. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce mai haƙar ma'adini ba zai fara aiki ba sai ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da mutanen wurin, a riƙa sake duba ta ko wace shekara biyar. Dokar man fetur ta 2021 ta ce kamfanin mai ya zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin da ya kashe wajen gudanar da aikinsa a shekarar da ta wuce cikin asusun garuruwan da ya ke aiki. Mutanen can sun ce ya yi kaɗan, amma dai yana cikin doka. Wanda aka haƙa ƙarƙashin ƙasarsa yana da rabo a rubuce. Wanda aka karɓe bisanta, inda ya ke ci, sai diyya. Majalisar Dokoki da ke Dutse tana iya kafa wa masu karɓar ƙasar noma irin wannan sharaɗi, ku tambayi wanda kuka zaɓa me ya hana.

Ku lura da dabarar da ke cikin dokar man nan, 'yan kasuwa za su gane ta da wuri. Ba a ce kashi 3 na riba ba. Riba a littafi ta ke, littafi kuwa yana hannun akawun kamfani. Ni akawu ne, na san alƙalami. Kamfani na iya ciniki shekara goma yana nuna hasara, alhali mai shi na ƙara ƙiba. Saboda haka ku ɗaura rabonku a kan abin da ido ke gani: tan nawa na rake ya shiga injin, buhu nawa na sukari ya fita ƙofa. Haka in an ce ku noma ku sayar wa kamfani. Rake ba gero ba ne da za ka zuba a rumbu ka jira farashi. Da an sare shi zaƙinsa ke raguwa, injin kuwa ɗaya ne a yankin, ba ka da wani mai saye. In ba a rubuta yadda za a yanka farashi ba, da ranar biya, da kuɗin taki da iri da za a cire, in kuma ba ku da naku mutum tsaye a gindin sikeli, to kun koma zamanin 'yan baranda na gyaɗa.

Akwai kuma waɗanda littafin diyya ba ya ganinsu ko kaɗan, su ne suka fi ba ni tausayi. Littafi mai gona ya sani. Bai san wanda ke noma ta aro ba, ko haya, ko jingina. Bai san matar da ke da 'yar gayaunarta a gefen gandu ba, ko wadda ke tsintar kalwa ta yi daddawa, ta kaɗo kuka, ta yi itace. Bai san Bafilatanin da burtalinsa da mashayarsa suka faɗa cikin shinge ba, wanda in ya rasa hanya gonar wani zai bi, a wayi gari ana zaman sulhu ko zaman makoki. Ku 'yan kasuwa ma kuna ciki. Ƙauye 30 in suka daina kawo gero da riɗi da zoɓo, wa za ku saya wa, wa kuma zai sayi atamfarku da kaka? Don haka rabo biyu ne: na mai gona a hannunsa, da na gari a asusu.

Asusun garin nan kuwa, nan ne mu kan ci kanmu da kanmu. Sashe na 29 ya ce in diyya ta jama'a ce, Gwamna na iya ba da ita ga jama'ar, ko ga shugabansu ya sarrafa dominsu, ko a zuba a wani asusu. Ina girmama iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni. Amma dagaci ma'aikaci ne, akwai na sama da shi, in aka kira shi ofis aka ce sa hannu, da wuya ya ce a'a. Kada ku ɗora masa kayan da zai karya shi. A zaɓi mutane a bainar jama'a, da mace a ciki, da makiyayi, da saurayi. Kuɗi ba ya fita sai da hannu uku. Ko wace shekara a karanta lissafi da Hausa a ƙofar masallacin Juma'a, a manna kofi a kasuwa. Rijiyar burtsatse da aji biyu da kamfani zai gina ya kira 'yan jarida, mun gode, amma kyauta ce, ran da ya ga dama ya daina.

Saura itatuwa, don abin da ke tafe ke nan. Jigawa tana cikin jihohi 11 da shirin ganuwar itatuwa na Afirka ya ratsa, wanda aka ƙulla a 2007 don tare hamada. Bayan wannan akwai wani sabon ciniki da ya kamata ku ji labarinsa tun bai ƙwanƙwasa ƙofa ba. Masana'antun ƙasashen da suka ci gaba suna fid da hayaƙi mai ɗumama duniya, itace kuwa yana shanye wannan iska. Sai kamfani can ya biya kuɗi a shuka ko a tsare itatuwa a nan, a auna tan nawa suka shanye, a ba shi takardar shaida. Dillali ne ke tsakani, shi ya san farashi, kai ba ka sani ba. Zai zo da takarda ta shekara 30 ko fiye, ya ce kada a sare, kada a yi kiwo. Kenya ta riga ta sa a doka a 2023 cewa irin wannan aiki in a kan ƙasar jama'a ne, akalla kashi 40 cikin 100 na abin da aka samu na mutanen wurin ne. Ku riƙe wannan adadi don ranar ciniki.

Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna abin da rabo ke yi wa itace. Da, itacen da ke gonar mutum na hukuma ne, ka taɓa shi malamin daji ya ci ka tara, saboda haka kowa na tumɓuke tsiro tun yana ƙarami. Daga wajen 1984 manoma suka fara barin kututture ya tofo suna gyara shi, hukuma kuma ta sassauta har manomi ya tabbata gawon da ya rena nasa ne, shi zai ci itacen da 'ya'yan. Masu awo sun ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Ba mai gadi, ba shinge.

Ga abin da na ke roƙo kafin mu tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko wane ƙauye da ke da wakili a nan, ku sayi littafi tun yanzu da ba wanda ya zo. Ku rubuta ko wace gona da mai ita da mai noma ta, da itatuwan da ke ciki, da burtali, da mashaya, da maƙabarta, da fadama. Dagaci da liman su sa hannu, a ajiye kofi biyu a gida biyu. Ranar da baƙo ya zo, ku karɓe shi da mutunci, ku ba shi ruwa, amma kada kowa ya dangwala yatsa a ranar. Ku ce a ba ku takardar da Hausa ku kwana da ita wata guda, ku kai wa lauyan da ku kuka ɗauka, ba wanda aka kawo muku ba. Kada kuma a bi ku ɗaya ɗaya da dare, ku amsa da baki ɗaya a dandali. Wanda ba shi da mai rubutu a garinsu ya same ni a ofis bayan la'asar, ran Litinin ko Alhamis, zan nuna wa yaransa yadda a ke ja layin littafin. Shugaba, na ga lokacin salla ya gabato, in akwai mai tambaya sai ya yi. Wassalam.